Tsakuwa Ɗaya a Ƙwaryar Ruwa

…ga ta can kuma, Barakatu, ina ganinta da idona. Motar. Fara fat, an ma wanke ta. Tana wancan hayin, mu muna wannan. Jifa guda ne — da da ƙuruciyata ne, dutse zan ɗauka in sauke shi a kan gilashinta. Jifa guda tsakaninmu da magani.

Kwalbatin babu.

Ba tsagewa ya yi ba. Ba gefe ne ya zube ba. Babu shi… kamar ba a taɓa gina shi ba. Jiya da la'asar ta kansa na biyo daga kasuwa. Yau ruwa ne, ja wur, yana tafe da itatuwa, da dangar gidan wani, da tunkiya ƙafafu a sama. Ƙoramar Gawo ce wannan? Wadda yara ke tsallakewa ko wando ba su naɗe ba? Mu nan yayyafi aka yi mana. Yayyafi! A arewa aka zuba shi, can wajen iyaka, ya yi ta gangarowa ba wanda ya sani.

Innalillahi…

Kada in juya. In na juya zan ga amalanken.

Na juya.

Tana kwance a kai, bisa tabarma. 'Yarki. Ta farinmu. Kin san ba na faɗin sunan — ke ma har kika koma ga Allah ba ki faɗe shi ba, "waccan" kike cewa, ni kuma in ce "ke". Haka muka taso muka tarar. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a kallonsa cikin mutane, ba a nuna an damu. To ga ta. Mace da jikokinta, furfura ta fara leƙowa ta gefen kallabi, an kwantar da ita kamar buhu. Hussaina maƙwabciyarta ta ɗora kanta a cinya tana yi mata fifita da faifai. Gawon da muka tsaya a gindinsa ko ganye ɗaya babu, shi haka yake da damina. Inuwa ma yau ba mu samu ba.

Kububuwa ce. Da hantsi ta zagaya bayan rumbu ɗebo kara… ta taka. Hussaina ta ce ko ihu ba ta yi ba. "A ɗaura wa shanu amalanke," shi ke nan abin da ta ce.

Kumburin ya haura gwiwa. Ɗazu a idon sawu yake. Ɗazu-ɗazun nan…

Wanzami ya biyo mu tun daga gari, ga shi can tsugune da zabirarsa, yana satar kallona. Jira yake in ɗaga masa kai. Ba zan ɗaga ba. Ita ta hana. "Kada a tsaga. Kada a ɗaure. Asibiti." Ita ce fa wakiliyar mata a kwamitin lafiya, Barakatu, ba ki ga wannan ba, bayanki aka yi. Gida-gida take bi tana faɗa wa mata: in maciji ya sari mutum kada a tsaga, kada a tsotsa, a ɗauko shi kawai, akwai allura a firji. Akwai allura. Akwai mana! Ga ta can a hannun Nu'uman malamin asibiti, ya rungume kular magani kamar jinjiri, yana kai da komo a bakin ruwa. Bai iya ruwa ba. Ina zai iya? Ɗan birni ne, a bayan Kusugu aka haife shi, ruwan da ya sani na guga ne.

Mijin 'yarki ya ruga neman Sama'ila masunci. Tun yaushe? Ƙafar mutum ce ko ta hawainiya?

Wayar nan sai kuka take a aljihu. Yasmin ce, na sani. Jami'ar Gidauniyar Inuwa, masu kawo mana ayyukan lafiyar. Ba zan ɗauka ba. In ce mata me?

"Angona, yau auna haɗari za mu yi."

Haka ta tare ni a ƙofar ofishinsu a Daura, da bazara, gari kamar tanda. Sa'ar jikata ce, wasan jika take yi da ni. Na ce haɗari gero ne da za a zuba shi a mudu? Ta ce, "Kai dai shigo, tsohon ango. Maiturare ba turare, sai ƙamshin garke." Maganarki ce wannan, Barakatu. Ke kika fara faɗa mini ita, muna da sauran baƙin gashi. Ban yi dariya ba. Na so in yi.

Ayyuka huɗu suka ɗauko wa garuruwan da ke gefen ƙoramar nan. Firji mai aiki da hasken rana, na ajiye alluran yara da ta maciji. Motar ɗaukar marasa lafiya. Ɗakin haihuwa. Sai gidan da malamin asibiti zai zauna, kada ya gudu birni. Da farko rarraba su za a yi. Firjin namu ne, Unguwar Ƙirya, wannan hayin. Wannan hayin! A ɗan ɗakin shan maganin da ke bayan masallaci za a sa shi, har an share wurin, har an yi daɓe…

Ƙuda ya sauka a kan ƙafar. Hussaina, kore shi mana. Ba ki gani?

Yasmin ta san rabinmu ba mu karatu. Ni da ban yi nisa ba aka cire ni aka miƙa mini sanda. Sai ba ta kawo mana takarda ba, ƙore ta kawo, kowace an rufe ta da faifai, a kan faifan an manna hoto. Ga ɓarawo da buhu a kafaɗa. Ga galan ɗin mai ba komai a ciki. Ga ma'aikaci ya saɓa jaka zai tafi. Ga gobara. Ga ruwa ya cinye hanya. Ta bi mu ɗaya bayan ɗaya ta sa wa kowa tsakuwa guda a tafin hannu.

"Kowa ya jefa a kan abin da ya fi jin tsoron zai kayar mana da ayyukan nan. Ba guda ɗaya ba fa — dukansu, a rana ɗaya."

Dukansu a rana ɗaya. Ta faɗa. Wallahi ta faɗa, da kunnena na ji.

Har labule ta rataya. Wai kowa ya shiga shi kaɗai ya jefa, kada wani ya ga na wani. Mai unguwa ya tuntsure da dariya. "Haba 'yar nan, zaɓen kansila za mu yi? Mu ba munafukai ba ne. Yaye labulen nan. Babba ya fara."

Babba. Ni ke nan.

To me zan zaɓa? Ni ɓarawo na sani. A satin ne ma aka kwance batiran masallacin Tsamiyar Liman. Kafin nan farantan solar makarantar da ke hanyar Baure, aka ɗora su a babura aka ƙetare iyaka, ko ƙurar su ba a gani ba. Ni kaina an taɓa kora mini garke, kin tuna, kwana nawa na yi ba na cin tuwo? Ban yi ƙarya ba. Abin da ke zuciyata na jefa. Na ɗaga faifan ɓarawo. Ƙwas.

Mai unguwa. Ƙwas. Na'ibin liman. Ƙwas. Malamin makarantar nan da tun daga gari har Daura ya cika mana kunne a mota da maganar tsadar mai — ya je gaban ƙwaryar galan ya tsaya, ya waiwayo ya dube ni… ya matsa gaba. Ƙwas. Na ga wannan. Na gani, na ji daɗi ma. Na ce yaron nan yana da tarbiyya.

Mata a ƙarshe. Tare suka tashi, hijabi ya haɗu da hijabi kamar danga, ba ka ganin hannun kowa.

Aka kife ƙore.

Ta ɓarawo tuli. Ta galan wayam. Ta ma'aikaci wayam. Gobara wayam. Ta ruwa…

Wani icce ne wancan ya taho? Kuka ce guda, da saiwarta. Kuka! Ta wuce kamar kara. Ya Rabbi, ta nan mutum zai bi?

…ta ruwa guda ɗaya. 'Yar ƙarama, fara. Ta gangaro kan tebur ta tsaya a gabana.

Yasmin ta ɗauke ta ta ɗaga sama. "Mai wannan, don Allah a yi mana bayani. Ko guda ɗaya ce, magana ce."

Shiru. Fanka tana juyawa. Ana jiyo kiran salla daga nesa.

"Don Allah fa. Ba laifi ba ne."

Shiru.

Na ce, "Hannun wata ne ya kuskure. Mu ci gaba, azahar ta yi."

Aka yi dariya. Na'ibi ya ce mata da saiti sai a hankali. Aka ƙara dariya. Aka kawo shinkafa da lemo.

Me ya fi wannan sauƙi? In ɓarawo ne abin tsoro, a tara komai wuri ɗaya, a ja katanga, a sa maigadi. Wa ya kawo shawarar? Kowa. Kowa ya ce haka ne. Bakina ne dai ya fara… A Tsamiyar Liman, wancan hayin, tunda ta fi kusa da kwalta. Firji, mota, ɗakin haihuwa, gidan malami, duk a tsakar gida ɗaya, ƙofar ƙarfe, kwalabe a kan katanga. Da na ce a ɗauke firjin daga garinmu, har yaba mini aka yi. Wai dattijo ya bar wa wasu rabon garinsa. Wai ba shi da son kai.

Yarinyar ba ta saki ba. "Baba, to duk garuruwan hayin can ta kwalbati ɗaya za su riƙa zuwa ke nan."

Mai unguwa ya ce kwalbatin nan ya girme ta, ya girmi ubanta ma. Kuma ba ya cikin ayyukanmu. Gaskiya ne, ba ya ciki. Mai firji yana duban firjinsa. Direba yana duban motarsa. Magini yana duban gininsa. Kwalbati na wa? Na kowa. Na kowa kuwa…

Akwai allo a bangon ofishinta, tana manna masa launi. Ja, a tashi tsaye. Rawaya, a sa ido. Kore, lafiya lau. Ta sa wa ɓarawo ja. Ta sa wa ruwa rawaya. A sa ido. Idon wa?

Ga shi mun sa. Gari guda mun tsaya a bakin ruwa mun zuba ido.

Jini ne wancan a bakinta? Hussaina ta goge da gefen zane, ta ɓoye zanen kada in gani. Na gani. Daga dasashi yake fitowa. Na san wannan, na taɓa ganinsa a jikin wani makiyayi a Mashi, da farko dasashi, daga nan… A'a. A'a. Ba zan tuna wannan ba.

Wanzami ya gyara tsugunno. Zauna inda kake.

Wayar kuma. To.

Yau ba ta ce angona ba. "Baba," ta ce. Wai sun tura wata mota da wata allurar ta zagayo ta garin Babban Mutum, ta biyo bayan gari. Wai in hanyar can ba ta yanke ba, wajen magariba. Magariba! Rana ko tsakiya ba ta gama kaiwa ba. "Baba, rawaya na sa masa. Da ja na sa… da na ƙi yaye labulen nan…" Na ce, "Ke, yi shiru." Shi ke nan abin da na iya. Na kashe. Ita me ta yi? Ta tambaya. Sau biyu ta tambaya.

Ta ma yi mana bayanin yadda ayyukan za su riƙe juna. In firji ya mutu, mota ta ɗebo magani daga Daura. In mota ta lalace, malamin asibiti yana kusa. In malami ba ya nan, ungozomar ɗakin haihuwa ta riƙe kafin ya dawo. Kowanne ya jingina da ɗan'uwansa, kamar duwatsun murhu. Na ce madalla. Dukansu suna tsaye, Barakatu! Ba wanda ya faɗi! Ga firji yana sanyi. Ga mota da mai a cikinta. Ga malami bai gudu ba. Ko tsinke ba a sata ba, ko tsinke. A allon can yau ma kore ne, kore, kore, kore… Murhu ya zauna daram. Tukunyar ce a wannan hayin.

Na tuna Baffa, mahaifina, yana tsaye a bakin turke da asuba, sanda a bayan wuya. Shekarar da cutar bushiya ta shigo wa shanu, ina saurayi. Ya ce a raba garken. Kashi ɗaya Mashi wajen ƙanensa, kashi ɗaya Babban Mutum, sauran a ƙetara da su arewa. Na ce, Baffa, in an raba wa zai yi tsaro? Ɓarayi fa? Ya zuba mini ido har na sunkuyar da kai. "Ɓarawo yana barin saura," ya ce. "Annoba ba ta bari. Ba a tara dukiya a turke ɗaya." Na Mashi suka mutu kakaf, har maraƙi. Na sauran wuraren su ne muka tashi da su. Cikinsu aka sayar da bijimin da aka yi sadakinki.

Na san wannan. Tun ban yi gemu ba na san shi.

Yau ɗin nan, yanzu da nake tsaye, shanuna a wuri uku suke. Wuri uku! Ban taɓa haɗa su ba tun rasuwar Baffa. Shanu, Barakatu. Dabbobi. Amma maganin mutane na ce a tara…

Yaya aka yi? Ina hankalina ya tafi? Ko don an sa ni a kujera mai juyawa, an ce babba ya fara?

Ga su nan. Alhamdu lillahi, ga su nan. Mijinta ya ci birki nesa da ni ya tuɓe takalmi — yau ma? yau ma sai an yi surukuta? Matarka ce a kwance, matso! Ban faɗa ba. Ba a faɗa. Sama'ila ya sauko da ƙaton goransa a ka, igiya a kafaɗa, tsoho kamar ni, ƙafafu kamar na zalɓe.

"Maiturare! Yau mai shanu ya nemi mai ƙarni?"

Sai ya hangi amalanken. Wasan ya mutu a bakinsa.

Ya dubi ruwan. Ya daɗe yana dubansa. Ya ɗaura igiya a jikin gawo, ya ɗaura ɗaya bakin a ƙugunsa, ya yi bisimilla ya kwanta a kan goran.

Ruwan ya ɗauke shi kamar ɓawon gyaɗa.

Ina yake? Ina — ga kansa. Ya nutse. Ga shi. Igiyar tana zarewa, tana zarewa, samari sun riƙe, tana ƙona musu hannu. Mata sun fara salati. Ya yi nisa, ya wuce saitin motar, ya wuce gonar dawa, wannan ai Allah kaɗai… Ya kama ciyawa! Ya kama. Ya fita. Yana rarrafe a taɓo, yana tari. Sama'ila, ɗan halak. Duk abin da na taɓa faɗa a kan masunta na janye.

Sun ɗaure igiyar a ƙarfen gaban mota. Ta miƙe daga hayi zuwa hayi, tana taɓa ruwa a tsakiya, tana karkarwa.

Ita ba za ta ƙetaru ba, ko mahaukaci ya san wannan. Allurar kuma ba a ba mutum ita a hannu ya soka, ta jijiya ake sa ta, a hankali, mai yin ya tsaya a kai. Dole shi ne zai zo. Nu'uman. Na ga Sama'ila yana yi masa magana, yana nuna goran, yana nuna igiya. Na ga yaron ya dubi ruwan. Amarya gare shi, da ƙaramar salla aka ɗaura, mun ci goron. Ɗan wani ne shi ma. In ya ce a'a wa zai zarge shi? Ni?

Ya tuɓe takalmansa. Ya jera su gefe guda, a tsanake, kamar zai shiga masallaci.

Direba yana ɗaura masa kular a ka da rawani.

"Baba." Hussaina ce. "Baba, tana kiranka."

Ni?

Taku nawa ne daga nan zuwa amalanken? Na matsa. Rabon da in matsa kusa da ita haka tun tana cikin zanen goyo, ke kin shiga wanka, ba kowa a ɗakin, na ɗauke ta na sunsuni kanta na mayar da sauri kada a gan ni. Ban taɓa faɗa miki ba. Goshinta irin naki ne. Ashe irin naki ne. Ban sani ba — yaushe na kalla?

"Baba… ka yafe mini."

A'a. Ba yanzu ba. Wannan maganar masu tafiya ce. Na ce, "Ba ki yi mini komai ba." Muryata kamar ta wani.

"Na yi." Leɓen ya bushe, jini a gefensa. "Tsakuwar nan. Ta ƙwaryar ruwa. Ni ce… Na saɓa maka a gaban mutane. Tun ranar take damuna."

…

Me?

Ita ce.

Tana ɗakin. Tana ɗakin mana, ita ce wakiliyar mata, a ina za ta kasance? A layin baya, ta hagu, wajen taga. Na san inda take, shi ya sa ban dubi wajen ba. Ba a duba. Yasmin ta ɗaga tsakuwa tana roƙo, ɗaki ya yi tsit, ita kuma tana zaune ubanta a gaba, ubanta ya riga ya jefa… ta buɗe baki ta ce me? Ta ce Baba bai yi daidai ba? A gaban mai unguwa? A gaban na'ibi? Mu muka koya mata. Ni da ke. Mun koya mata da kyau.

Ita ke raka masu naƙuda ta kan kwalbatin nan, rani da damina. Ita ke sauka ta riƙe kan shanu a wurin. Ta ga abin da ta gani a ƙarƙashinsa. Iyakar ƙarfinta ke nan — ta ɓoye hannu a hijabi ta saki 'yar tsakuwa. Ihu ne fa wannan, Barakatu. A wajenta ihu ne.

Hannun wata ne ya kuskure.

Aka yi dariya. Ita ma ta yi? Ta sunkuyar da kai ta yi murmushi don kada a gane? Ta ci shinkafar?

Kuma ta dawo gida da shi a matsayin zunubi. Wata da watanni tana gaishe ni a durƙushe, tana aiko mini da fura, abin yana cinta — wai ta saɓa mini. Ita ke neman gafara. Ita!

Tsaya… tsaya. Malamin makaranta, da ya waiwayo. Na'ibi, wanda matarsa ta haihu a hanya bara. Mai unguwa da kansa, wa ya san abin da ke ransa? Tulin nan da na gani na ji daɗi, na ce gari ya haɗa baki… Tsakuwa nawa ce a ciki? Ta gaske? Ɗaya. Tawa. Sauran gaisuwa ce. Gaishe ni suka yi, ɗaya bayan ɗaya, ƙwas, ƙwas, ranka ya daɗe. Ƙwaryar ɓarawo ɗaya. Ƙwaryar ruwa ɗaya. Kunnen doki muka yi, ni da ita, a gaban kowa, ba wanda ya sani. Ni ma ban sani ba. Aka ɗauki gaisuwa aka auna, aka manna mata ja, aka ja katanga a kanta…

Na yafe. Na faɗa ne ko a zuci na yi? Me zan yafe? Wa zai yafe wa wa?

Ya shiga. Nu'uman ya shiga. Ruwa a gwiwa. A ƙugu. Ya rungume goran da hannu ɗaya, ɗayan a igiya, Sama'ila a bayansa ya riƙe masa wuyan riga. Kular tana lilo a kansa. Riƙe, ɗana. Riƙe. Kada ka dubi ruwan, dubi gawon. A ƙirji. Ga wani reshe ya taho, ga shi nan, kauce — ta ina zai kauce?

"Maijidda! Maijidda, buɗe ido!" Hussaina tana jijjiga ta. "Baba, lumshewa take. Malamin asibiti ya ce kada a bari ta yi barci. Kira ta, Baba. Ni ba ta jina. Kira sunanta, muryarka za ta ji."

Sunanta.

Sau ɗaya na taɓa faɗinsa. Ranar suna, da sassafe, a kunnen liman, a hankali, ko na kusa bai ji ba. Ni na zaɓa. Ke kina ɗaki, aka shigo aka faɗa miki, aka ce kin rufe fuska kina dariya.

Mijinta yana kallona. Wanzami yana kallona. Gari guda.

Igiyar ta nutse a tsakiya. Ban ga kular ba. Ga ta… ita ce? Ko kumfa ce?

Idonta ya rufe rabi. Hannunta a buɗe a kan tabarma, tafin sama, kamar mai jiran a sa mata wani abu a ciki.

"Baba, don Allah!"

Bakina a buɗe yake. Na buɗe shi, Barakatu, ga shi a buɗe. Harshen ne ya yi nauyi kamar dutsen niƙa. Yana nan, sunan yana nan, shekara da shekaru yana nan a ƙasan maƙoshi…

Ta ina ake fara shi?